Ɗinkin ado na hannu: yadda za ki fara kuma ki kai ƙarshe

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun ranar sunan ɗiyar ƙanwata da aka ga 'yar rigar nan mai fulawoyi a wuya mutane suka dame ni da tambaya, wai a ina na saya, in na ce ni na ɗinka sai a ce haba dai ai wannan aikin keken surfani ne. Wallahi ba keke ba ne, allura ce da zare da zaman sati uku. Toh shi ne na ce bari in zauna in rubuta yadda ake yi tun daga tushe, yadda ake koya mana a ajinmu na ranar Asabar a nan Jos, da kuma abin da na gano da kaina bayan na ɓata yadi ba adadi. Da ke nake magana 'yar uwa don mu duk mata ne a ajin, amma maza kar ku ce ba ruwanku, aikin babbar riga irin su aska biyu da aska takwas da tambari ai a hannun maza yake shekara da shekaru a Zariya da Kano da Bida, daga baya ne mata suka shigo da ƙarfinsu.

Kafin komai dan Allah kar ki fara da babban aiki. Ni da na fara zumuɗi ya kwashe ni na je na yanko zanen gado guda, na zana fulawa tun daga wannan kusurwa har waccan, yau ga shi can a ƙasan akwati ko rabi bai kai ba, duk sanda na buɗe akwatin sai in ji kamar yana hararata. Ki samu ƙyalle wanda bai wuce faɗin faranti ba, ko hankici, abin da za ki iya gamawa cikin sati ɗaya ki wanke ki goge ki riƙe a hannunki ki ce na gama. Wadda ta taɓa gama ƙaramin abu ita ce take dawowa aji, masu zanen gado irina su ne suke ɓacewa bayan sati uku.

Kayan da za ki nema

Yadi ki nemi na auduga zalla, wanda ba ya miƙewa in kin ja shi kuma ba ya santsi. Farin yadi irin alawayyo ko akoko ya ishe ki koyo. In ba kya son kashe kuɗi ki shiga kasuwar Katako wajen 'yan gwanjo ki duba tsofaffin zanen gado ko rigunan filo na kotin, an riga an wanke su sun yi laushi, allura tana shiga ba gardama. Shadda ki bar ta tukuna, sabuwar shadda tana da tauri kuma duk inda allura ta huda ramin yana nan ko kin warware ɗinkin. Kuma ko wane yadi ne in sabo ne ki wanke shi ki goge kafin ki sa masa allura, sabida auduga tana shiga in ta sha ruwan farko, in kin yi ɗinki a kan wanda ba a wanke ba ranar da kika wanke yadin zai tsuke zaren bai tsuke ba sai ki ga fulawarki ta tattare kamar fuskar wanda ya sha tsamiya.

Zare kuma, wanda aka fi aiki da shi shi ne mai sili shida da ake sayarwa a ɗan ƙudundune da takarda a wuyansa. Masu suna su ne DMC, na wani kamfani a garin Mulhouse na Faransa da yake nan tun 1746, da kuma Anchor. Kowane ƙudundune na DMC mita 8 ne, kuma kowace kala da lambarta, misali 310 baƙi ne, 321 ja, B5200 fari fat. Wannan lambar ita ce ceton ki, kar ki yar da takardar, don in zare ya ƙare miki a tsakiyar ganye kika tafi kasuwa da ido kawai za ki dawo da kore wanda a shago kamar shi ne, sai kin ɗinka a hasken rana ki ga ashe ba uwarsu ɗaya ba. A wajen Terminus da layin Ahmadu Bello Way akwai masu kayan ɗinki, za ki samu zare kala kala, mai tsada da mai araha. Mai arahar ba laifi don koyo, amma ki gwada shi: ki yanki guntu ki jiƙa ki matse a cikin farin ƙyalle, in ya bar kala toh ki san zai zuba a aikinki. Ja da shuɗi mai duhu su suka fi wannan halin. Akwai kuma zaren nan mai ƙyalli da muke ce wa siliki, yana da kyau a ido amma santsi gare shi da taurin kai, ki bari sai hannunki ya faɗa.

Allura ta wannan aikin mai tsini ce mai doguwar kafa yadda sili biyu uku za su shiga. Lambarta a juye take, in lamba ta yi sama allurar ta ƙara siranta. Lamba 7 ko 8 tana ɗaukar sili biyu zuwa uku, in za ki yi da sili shida gaba ɗaya sai ki koma lamba 3. Ki gane, aikin allura shi ne ta buɗe wa zare hanya, in ta yi siriri da yawa zaren ne zai riƙa goga jikin yadi yana tsinkewa yana yin gashi, in kuma ta yi kauri sai ta bar rami.

Sai firem, zoben katako ko roba guda biyu, ɗaya cikin ɗaya da 'yar ƙusar ɗaurewa a sama, kamar bakin rariya. Mai faɗin inci 6 shi ya fi daɗin riƙewa. Tsofaffin masu aikin riga da na gani a hannu suke riƙe yadinsu ko a kan gwiwa ba ruwansu da wani firem, amma su hannunsu ya san awo tun suna yara, ke da ni muna buƙatarsa. Ƙaramin almakashi mai tsini wanda ba a yanka komai da shi sai zare, ki ɓoye shi sosai, nawa sau biyu ina tsintarsa a kicin an yanka ledar madara da shi. Shikenan kayan, ɗan ƙarfen da ake sawa a yatsa in kina so.

Zane da ɗaurin yadi

Yadda za ki ɗora zane a yadi hanya uku na sani masu sauƙi. In yadin fari ne marar kauri ki manna takardar zanen a gilashin taga da rana, ki ɗora yadin a kai ki bi layin da fensir a hankali. In mai duhu ne ki yi da allin tela ko siririn guntun sabulu, amma suna gogewa da wuri sai ki riƙa sabuntawa. Akwai kuma biron nan mai shuɗin ruwa da yake ɓacewa in ya ji ruwa, shi na fi so, sai dai yana da sharaɗi ɗaya: kar dutsen guga ya taɓa shi kafin ki wanke shi da ruwan sanyi zalla, in zafi ya hau kansa zai iya zama daram har abada. Biro na rubutu kam kar ki soma. Takardar kabon ta ofis ma tana barin datti mai wuyar fita.

Ki kwance ƙusar firem ɗin, ki ajiye ƙaramin zoben a ƙasa, yadi a kai, babban ya hau sama, ki ɗaure kaɗan, ki riƙa jan yadin ta kowane gefe daidai wa daida kina ƙara ɗaurewa har in kin ɗan buga da yatsa ya yi ƙara kamar kalangu. Ki lura kar ki ja ta kusurwa zanen ya karkace, da'ira ta koma ƙwai. In yadin yana sulluɓewa ki naɗe ƙaramin zoben da siririn ƙyalle tas, zai kama. Kuma duk ranar da kika tashi daga aiki ki cire yadin daga firem, in kin bar shi kwana da kwanaki zai bar shati mai zagaye da datti a gefensa wanda guga ba ta fitarwa da daɗi.

Yanzu zare, nan ne sababbi suke fara kuka. Kar ki yanko dogo don ƙyuyar sake sawa a allura. Kamu ɗaya, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, wajen santimita 45 kenan, ya isa. Dogon zare yana harɗewa kuma kafin ki kai ƙarshensa ya gaji da shiga da fita ya dushe. Bayan kin yanka, ki kama bakin da yatsu biyu na hagu, ki zaro sili ɗaya tak ki ja shi sama a miƙe, ragowar za su tattaru a ƙasan yatsunki kamar za su ƙulle amma da kin gama zarowa za su sake. Ɗaya bayan ɗaya ake zarowa, sannan ki haɗa guda biyu ko uku da kike so. In kika ce za ki raba uku uku lokaci guda kamar ana raba rake, za ki ƙare da ƙulli da haushi. Ni yawancin aikina sili biyu ne, layi mai kauri sili uku.

Maganar ƙulli. Malamarmu, wata dattijuwa ce da muke ce wa Mama, in kin miƙa mata aikinki ba ta ma kallon gaban, juyawa take ta duba baya, in ta ga ƙulle ƙulle da zare yana ta tsallake tsallake sai ta ce "'yata wannan sheƙar ɓera ce ko ɗinki", mu yi ta dariya har da wadda aka faɗa wa. Da farko haushi nake ji, ina cewa waye zai ga baya. Ashe bayan shi yake nuna gaba, ƙulli yana yin tudu in an yi guga, yana kwancewa a wanki, in rigar jariri ce kuma yana cin fatarsa. Yadda ake farawa ba ƙulli: ki bar jela kamar santimita 3 a baya, ki danne ta da yatsa, ɗinki huɗu biyar na farko su hau kanta su riƙe ta. In da sili biyu za ki yi akwai dabara mafi daɗi, ki yanko sili ɗaya mai tsawon kamu biyu ki ninka shi biyu, bakin biyun su shiga allura, ki fito daga baya kar ki janye duka, ki koma ƙasa ki zura allurar cikin lanƙwasar da ta rage a baya ki ja, ya kama kenan ba jela ba ƙulli. In za ki ƙare kuma sai ki juya baya ki zura allurar ƙarƙashin ɗinki huɗu ko biyar ki yanke. In za ki tashi daga wannan fulawa zuwa waccan kuma akwai tazara, ki ƙare ki sake farawa, kar ki ja baƙin zare ta bayan farin yadi, ana ganinsa ta gaba kamar jijiya.

Ɗinkunan kansu

Sunayen da zan faɗa namu ne na aji, wani wajen za ki ji ana kiransu daban. Na farko shi ne shiga da fita kawai, allura ta fito ta shiga ta fito, kowane taku kamar tsawon ƙwayar shinkafa, tazara daidai. Kowa ya iya shi a baki, amma ki yi layi uku ki gani ko takunki ɗaya ne.

Na biyu koma-baya. Ki fito gaba kaɗan da inda layi ya fara, ki koma baya ki shiga farkon layin, ki fito gaba da taku ɗaya, ki sake komawa ki shiga ainihin ramin da ɗinkin baya ya tsaya. Ramin nan dai, ba kusa da shi ba. Shi ake rubuta suna da shi, kuma in kin zo kwana ki rage tsawon taku in ba haka ba harafinki zai yi kusurwa kusurwa.

Na uku na reshe, wanda ake yin karan fulawa da shi, yana fitowa kamar murɗaɗɗiyar igiya. Ki yi taku ɗaya gaba amma kar ki janye zaren duka, ki fito a tsakiyar takun, sannan ki ja. Sirrinsa ɗaya ne, zaren ya riƙa zama gefe guda na allura kullum, in ƙasa ƙasa in sama sama, da kin sauya a tsakiya igiyar ta warware.

Na huɗu sarƙa, shi ne wanda keken surfani yake kwaikwaya. Ki fito, ki koma cikin ramin da kika fito, ki bar zaren ya yi ɗan zobe, ki fito gaba a cikin zoben ki ja a hankali har ya kwanta a jikin zaren. Kar ki ja da ƙarfi, in kin ja sosai zoben zai rufe ya koma layi. Na ƙarshe sai ki danne shi da ɗan ƙaramin taku. In kika yi zobe ɗaya ɗaya kika danne kowanne, kika jera biyar ko shida suna fitowa daga tsakiya guda, kin samu fulawa kenan, irinta ce a wuyan rigar sunan nan da ake ta tambaya, ba wani abin wahala ba ne.

Na biyar shi ne cike, kuma shi zan daɗe a kai don shi ne yake tona asirin hannu. Ana jera zare kusa da kusa har ya rufe yadi ya yi sumul yana sheƙi. A ce ganye za ki cike, ki fara zagaye gefen ganyen da ƙananan koma-baya, wannan zai zama kamar dakali da zaren zai hau ya ba ki baki mai tsafta. Kar ki fara daga tsinin ganye, ki fara daga tsakiya inda ya fi faɗi ki saita karkatar da kike so, ki cike zuwa wannan ƙarshen, ki dawo ki cike ɗayan. Kullum ki fito ta gefe ɗaya ki shiga ta ɗaya gefen, zaren ya zagaya ta baya, ma'ana baya ma a cike yake. Na san za ki ce ɓarnar zare ce, ni ma na yi wayon fitowa kusa da inda na shiga don in yi tattali, sai zaren ya riƙa kifewa gefe bakin ya yi kaca kaca. Kuma taku kar ya wuce kamar santimita 1, in wajen ya fi haka faɗi ki raba shi gida biyu kamar yadda jijiyar ganye ta raba shi, ko ki yi dogo da gajere suna shiga juna, don dogon zare a sake yake, ɗan kunne ko farce na kama shi ya zaro. Ga abin da ba a iya koyarwa da baki: ja. In kin ja da yawa yadi ya tattare, in kin sassauta zare ya yi lilo. Ki ja har zaren ya kwanta ki tsaya nan, kar ki ƙara. Mama takan kama hannun mutum ta ja tare da shi sau biyu uku ta ce kin ji, nan ne. Na fi wata biyu kafin na ji.

Na shida ƙullin Faransa, ɗan dunƙulen da ake sawa a tsakiyar fulawa. Ki fito, ki riƙe zaren da hagu a miƙe, ki naɗa shi a jikin allura sau ɗaya ko biyu, ki soka tsinin dab da ramin da kika fito amma ba cikinsa ba, ki ja zaren naɗin ya sauko ya zauna a kan yadi, sannan ki tura allurar ƙasa kina riƙe da zaren har sai ya kusa ƙarewa. In kin saki da wuri sai ya zama wani abu mai kunne. In kina son babba ki ƙara sili, kar ki ƙara naɗi.

In kin ji zare ya fara murɗewa yana neman ƙullewa, ki ɗaga firem ɗin ki saki allurar ta yi reto, da kanta za ta juya ta warware. In kuma ƙulli ya riga ya faru kar ki fizga, yawanci zarge ne kawai, ki sa tsinin allura cikin zoben ki ja gefe ɗaya zai sake.

Mu mutanen Jos muna da namu matsalolin daban. Lokacin sanyi, Disamba da Janairu, yatsu suna yin kaushi su riƙa kama zare suna tsefe shi, musamman silikin nan. Ki shafa man kaɗe ko basilin da daddare in za ki kwanta, amma ba lokacin da za ki ɗauki aiki ba, maiƙo in ya shiga farin yadi ya shiga, ki wanke hannu ki goge tukuna. Ƙurar hunturu ma ba ta raga wa farin yadi, ki riƙa sa aikin cikin tsohuwar rigar filo in kin tashi. Da damina kuma, irin ruwan Agusta da ake kwana ana wuni ana yi, kar ki bar allura soke a jikin aikin, sati ɗaya ya isa ta yi tsatsa ta bar miki ɗigo biyu ja a daidai inda kowa zai gani, in dole ne ki soke ta can a gefen da za a yanke. Sannan haske, ki yi aikinki da rana kusa da ƙofa ko taga, ni na daina ɗinki da fitilar waya in an ɗauke wuta tun ranar da na cike rabin ganye da kore biyu daban ban sani ba sai da gari ya waye. In allura ta soke ki jini ya taɓa yadi, ruwan sanyi nan take, ba na zafi ba.

Da kin gama, ki cire daga firem ki fara ɗauraye zanen biron da ruwan sanyi, sannan ki wanke da sabulu marar ƙarfi, ba bilic, ba cuɗawa, ki ɗan motsa shi kawai a ruwa. In kika ga kala ta fara zuba kar ki tsorata ki shanya, in ya bushe a haka ya zauna, ki ci gaba da sauya ruwan sanyi har ya fito garau. Kar ki murɗe, ki shimfiɗa a tawul ki naɗe ki danna. Tun da sauran danshi ki kifa shi a kan busasshen tawul mai laushi, fuskar ɗinkin a ƙasa, ki goge ta baya, haka ɗinkin zai nutse cikin tawul ya fito a tsaye bai baje ba. In dutsen gawayi ne ki ɗora wani ƙyalle a tsakani sabida toka.

Maganar aji

Ana tambayata ko dole sai an shiga aji tunda ga bidiyo nan cike a YouTube. Bidiyo yana da amfani, ni ma can nake ganin sababbin fulawoyi, kina iya tsayarwa ki maimaita sau goma ba mai gajiya da ke. Amma waya ba za ta juya bayan aikinki ba, ba za ta ce miki kin ja da yawa ba. In kin samu mai koyarwa a unguwarku, ko a cibiyar koyon sana'a ko a islamiyya ko wata tsohuwa ce kawai a gida, ki je. Ki roƙa ta nuna miki aikin hannunta ki juya bayansa da ladabi. Ki duba kuma yawan ɗalibai, in an fi goma ga malama ɗaya ba za ta kai ga hannun kowa ba. Mu bakwai ne, muna zama a falonta daga ƙarfe goma zuwa azahar, kowa da ƙyallen gwajinta, wato wani yadi da muke jera kowane sabon ɗinki layi layi, ba a warware na banza, ana barinsa a yi wani a ƙasansa. Nawa layin sarƙa na farko kamar sawun kaza, ina kallonsa in na fara jin kaina. In ke bahaguwa ce ki zauna kina fuskantar malamar maimakon gefenta, sai ki bi hannunta kamar madubi, akwai ɗaya a cikinmu da haka ta koya. Kuma ki zo da allurarki da almakashinki, aro yana ɓata zumunci a ajin ɗinki fiye da adashi.

Masu cewa za su fara don sayarwa, ban hana ba, amma ki rubuta awa nawa kika zauna a aikin farko kafin ki yanka masa kuɗi, za ki gane dalilin da ya sa hular hannu irin ta Zanna Bukar ko ta Bama ba ta zama kuɗi ɗaya da ta inji.

Abin da ke hannuna yanzu uku ne. Rigunan filo guda biyu na wata amarya, ɗaya ya ƙare ɗaya saura ganye, kuma a nan na koyi cewa in abu biyu ne masu kama ɗaya gara ki riƙa yinsu tare, fulawa a nan fulawa a can, don hannu yana sauyawa, na biyun ya fi na farkon kyau har ana ganewa. Sai zanen gadon nan na akwati, na yanke shawarar zan yanke gefen da na gama in mai da shi mayafin tebur in huta. Na uku hular maigida, ita ce ta fi cin raina. Ita hula ba a firem ake yinta ba, za ki sayi farin yadin da mai zane ya riga ya zana, jikinta dogo daban, kanta mai zagaye daban, a hannu ake riƙewa ana bin gidan zanen ɗaya bayan ɗaya da ƙananan ɗinki a matse har farin ya ɓace, in an gama a haɗa jiki da kai a kai wa masu wankin hula su wanke su sa sitaci su ɗora a gungumensu ta ɗauki tsayuwa. In za ki gwada, ki auna kan mai hular da tef kafin ki sayi yadin, ki kuma gaya wa mai zanen awon, ki sayi zaren kowace kala isasshe lokaci guda, sannan ki gama kala ɗaya a duk jikin kafin ki ɗauki ta biyu. Na ce masa ta ƙaramar sallah ce, da ta wuce na ce babba, jiya ya leƙo ya ga inda na kai ya ce "Maman Abba ko dai in fara neman ta kasuwa", na ce ya bar ni, saura kala biyu da kan.